Gyadar da Na Ci Daga Ƙwaryar Malam

Bana ma damina ta zo mana da ƙarfinta. Kwana uku ana ruwa a Omdurman, lungunmu ya koma kwata, raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ba ta shigowa sai dai mutum ya tattare tufafinsa ya taka. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar katanga ne ya fara taɓa ni. Duk wanda ruwa ya taɓa cinye masa ɗakin ƙasa ya san wannan ƙamshi, kuma ba ya manta shi.

Ni ban yi makaranta ba, allona bai wuce na yin salla ba. Jikata Rumaisa ce ke riƙe da alƙalami, ni nawa faɗa. Ita ce ma ta tono zancen, ba da saninta ba.

Ranar da ruwan ya ɗan tsagaita, tana zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, kwamfuta a cinyarta, sai tsaki take yi. Tun da fitinar da ta auka wa garin nan ta rufe musu jami'a, a gida suke karatu, malamai na aiko musu da aiki ta waya.

Na ce, "Ke kuma wa ya taɓa ki, kike ta tsaki kamar tsaka?"

Ta ce, "Habboba, ba za ki gane ba." Haka yaran nan ke kiran kaka, da bakin Larabawa.

Na ce, "Gwada ni. Ina gane abubuwa tun uwarki ba ta da haƙori."

Sai ta yi mini bayani, rabi Hausa rabi Larabci, irin maganarsu. Ta ce an ba su wani dogon rubutu, an ce su tsara wa kwamfuta yadda za ta ƙirga kalmomi da yawa a cikinsa, kowace sau nawa ta fito. Nata tsarin yana yi, amma sai ya bi rubutun tun daga farko har ƙarshe saboda kalma ɗaya, sannan ya koma ya sake bi saboda ta biyu. Malaminsu ya ce bai yarda ba. A bi sau ɗaya tak, a fito da duka.

"Ga caji saura kaɗan," in ji ta, "rana kuma ta ƙi fitowa balle farantin sola ya ja wuta."

Na ce, "To ki ba kowace kalma irin ƙwayarta mana. Ƙwarya ɗaya ta ishe ki."

Ta kwashe da dariya har kwamfutar na rawa. Ni ban yi dariya ba. A ƙasan akwatina akwai gwangwani, a cikin gwangwanin akwai takarda ɗaya mai lambobi biyar. Ko ranar da fitinar ta sa muka bar gidan nan da gudu, da ita na fita a ƙugu, da ita na dawo. Shekara kusan arba'in ina ɗauke da sanin cewa ɗaya daga cikin lambobin nan ta gaza, kuma bakina ne ya rage ta. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

To, ga yadda aka yi.

A wancan zamani ba a nan muke ba. Muna wani ƙauye a bakin Farin Nilu, ƙasa da madatsar Jabal Awliya, inda mazajenmu ke su, mu kuma mata muna noman gaɓa. Idan kogi ya cika ya janye, yakan bar baƙin laka mai laushi, a nan muke tsira iri ba tare da ban ruwa ba. Maigidana Malam ba ya su. Mahaddaci ne, ya riƙe izu sittin a ka, kuma shekara biyu kafin nan idonsa ya tafi gaba ɗaya.

Bazarar shekarar ta yi zafin da tsuntsu ke faɗowa daga kan bishiya. Ruwan tulu da hantsi ya riga ya yi ɗumi. Muna ta roƙon ruwa, muna ta roƙo, sai aka ba mu shi gaba ɗaya. Ya sauko ba iska ba tsawa, kamar ana juye randa, ya yini ya kwana ya sake yini. Katangun ƙasa suka fara gumi, suka yi taushi, suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙara suke yi ba, wani irin nishi ne. Na goya uwar Rumaisa, tana wata biyar, na ɗora tulun irin shuka a ka, na kama hannun Malam, manyan yara biyu suka riƙe bakin zanena. Muka taka ruwa har gwiwa zuwa kan tudu. Ina juyowa na ga ɗakinmu ya zauna.

Da aka samu sarari, maza suka tono mana abin da ya tonu. A ciki har da gafakar Malam. Na buɗe masa, ya sa hannu, sai ya ji takardun sun zama dunƙule ɗaya kamar ƙullu. Tawadar gawayi da ƙaro ce, ruwa ya wanke ta tas.

Ba karatun ya yi wa baƙin ciki ba, karatun yana kirjinsa. Harjin mahaifinsa ne. Harji shi ne sanin kowace kalma a cikin izu sittin, sau nawa ta zo. Da shi mahaddatan ƙasarmu ta asali ke auna juna. Mahaifin Malam ya taho da nasa a ƙafa tun daga ƙasar Haɗeja da niyyar hajji, hanya ta ajiye shi a nan. Yawanci Malam ya haddace. Amma akwai warƙar ƙarshe, kalmomi biyar da tsohon ya ƙirga da kansa a ƙarshen rayuwarsa: rahama, sabru, shukru, nuru da rizƙu. Malam ya yi ta cewa zai riƙe su, ya yi ta cewa ai takarda tana nan. Ga takarda ta tafi, ga ido ya riga ta.

Muka kafa rumfa a kan tudu da zana da tsofaffin buhuna. Gida huɗu muka haɗa tukunya ɗaya, don itace ya jiƙe, kowa ya ce zai hura tasa wutar ba wanda zai ci. Da sassafe mata biyu su tafi tsintar kirare, biyu su niƙa 'yar dawar da ta tsira. Kunu sau ɗaya da hantsi, tsararo, kana ganin gindin ƙoƙo. Da yamma ganyen lalo da ɗan gishiri, in maza sun dace a jefa ƙananan kifi. Hanya ta yanke, mota ba ta zuwa. Sauro kuwa ya zo da rundunarsa, zazzaɓi ya bi rumfa rumfa. Rana in ta fito, ƙasa ta dinga tururi, tufafi ba sa bushewa, jiki yana wari irin na rima.

Malam ya daina magana. A miƙa masa kunu ya kurɓa biyu ya ajiye. Ya juya fuska ga zana ya yini a haka. Wata safiya na ce masa, "Malam, abin nan ba ya sake ƙirguwa ne?"

Ya ce, "Yana ƙirguwa. In yi sauka ina jan carbi saboda kalma ɗaya. In gama in sake wata saukar saboda ta biyu. Sauka biyar. Ki dubi ƙirjin nan ki faɗa mini ko zai kai."

Na dube shi. Haƙarƙarinsa a waje, numfashi da ƙyar. Ba zai kai ba.

Na ce, "In ka bi sau ɗaya, wani ya riƙe maka lissafin duka biyar fa?"

Ya ce, "Wa? Ke da ba ki san alif ba?"

Na ce, "Ban san alif ba. Amma ko ido rufe na san gyada, na san wake."

Na fasa bakin tulun iri na zazzage a gabansa, ƙulli ƙulli. Na ɗora hannunsa a kan kowanne. Wake na rahama. Masara ta sabru. 'Ya'yan kabewa na shukru. 'Ya'yan kankana na nuru. Gyada mai ɓawo ta rizƙu. Na ce ya yi ta karatunsa, duk inda ɗaya ta fito in jefa ƙwayarta a ƙwarya, in an gama a tsince kowane iri daban a ƙirga. Ya daɗe yana murza ƙwayar wake a tsakanin yatsunsa. Sannan ya ce, "Wani wuri kalmar takan zo da kaya a gaba ko a baya, ba za ki ji ta a fili ba. In na iso irin wurin zan ɗan ja ta. Ke dai ki gane wace ce."

Ranar ya shanye kununsa.

Izu uku muke yi a yini, ƙarfinsa bai wuce haka ba. Biyu bayan asuba kafin rana ta yi zafi, ɗaya bayan la'asar. Ina zaune a gabansa, yarinya a cinya, ƙulli biyar a jere a dama, ƙwarya a hagu. Muryarsa tana tafiya a hankali kamar ruwa a rairayi, ni kuma kunnena a miƙe. Ƙwas, wake. A tafi a tafi, ƙwas, gyada. Wani lokaci a yi shiru mai tsawo ba jifa, wani lokaci biyu su zo a jere har hannuwana na karo da juna. Matan da muke tukunya ɗaya suka ɗauke mini niƙa. Ɗaya takan leƙo ta ce, "Hajara ta zama malama, a kawo mata rawani." In harare ta ba tare da na buɗe baki ba, don in na amsa kalma za ta wuce ni.

Idan mun tashi, ƙullin irin da ba a jefa ba Malam ke matashi da su, saboda ɓera da yara. Ƙwaryar kuma in rufe ta da faifai in rataye a ragaya. A wurinmu iri ba abinci ba ne. Ko yaro ya san haka. A ce da mace mai cin iri, ya fi a zage ta da uwa.

Kwana goma sha huɗu muna haka. Kwana biyun ƙarshe rabona na kunu manyan yaran na ba, don zazzaɓi ya kama su. Nono ya ɗauke. Yarinyar nan ta tsotsa ta tsotsa ta saki, ta buɗe baki tana kuka ba sauti. Rana ta take tsaka, tudun ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa. Malam yana kwance ya ba ni baya, numfashinsa yana fita a hankali irin na mai barci. Na sauko da ƙwaryar wai in duba ko tururuwa ta shiga.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga ba. Na zaga bayan rumfa na tsuguna. Na sa haƙori na fasa. Ɗanyar gyada ce, tana da wani zaƙi kamar madara, har yau in na tuna sai yawu ya taru mini. Na fasa wata. Na fasa wata. Kunnena yana ƙugi, idona yana ganin duhu duhu, ɓawon kuma ina jefawa a ruwan da ke malala ta gefen tudu. Da hankalina ya dawo, ɓawo ya tafi. Na tsaya ina tambayar kaina: huɗu ne? Bakwai ne? Wallahi ban sani ba.

Na so in mayar. Sauran gyadar tana ƙarƙashin kan Malam. Ko da a hannuna take, nawa zan mayar? In na jefa da ka, na ɗora ƙarya a kan ɓarna. In na faɗa, a koma izu na ɗaya, ƙirjin nan kuwa ba zai ɗauki wata saukar ba, kuma tudu duka ya ji cewa matar Malam ta ci iri. Na mayar da faifai na rataye ƙwarya.

Da la'asar Malam ya tashi ya yi alwala ya ce, "Hajara, sha ruwa mu fara." Muka fara. Da yamma aka kawo masa ɗan romon lalo, ya tura mini ya ce bakinsa ba daɗi. Washegari ma haka ya yi da rabin kununsa, da jibi, har muka gama. Na ɗauka zazzaɓi ne.

A rana ta ashirin muka sauke. A kwanakin kogi ya fara janyewa, laka ta fito baƙa wuluk tana sheƙi. Mata suka fara cewa, "Malama, a sako mana irinki ya ga ƙasa, laka ba ta jira." Sai ga Malam Haruna, abokin karatun Malam, ya iso daga unguwar Hajj Yusuf, rabin hanya a babbar mota rabi a kwalekwale, ya zo duba ko muna raye. Na shimfiɗa tabarma na juye ƙwarya na tsince tsibi biyar. Malam Haruna ya ƙirga kowane tsibi sau uku. Da ya iso kan gyada na sunkuyar da kai. Ya fito da tawada zai rubuta, sai Malam ya ce, "Hajara, tulu ba ruwa. Baƙo zai yi alwala." Na ɗauki tulu na gangara kogi. Ko da na dawo an rubuta, an naɗe.

Washegari na shiga laka har ƙauri da sandar tsira, na binne rahama da sabru da sauransu rami rami. Shekarar kabewa ta yi 'ya'ya har muka rasa inda za mu sa. Gyada ma ta yi. Ban ci ko ɗaya ba. Tun daga ranar nan ban ƙara sa gyada a baki ba, ko ƙuli ko tunkuza. 'Ya'yana sun tashi da sanin cewa gyada tana ɓata mini ciki.

Malam ya ƙara shekara bakwai. Ɗalibansa manya sun karɓi lambobin nan daga bakinsa, akwai wanda har kwanan baya yake koyar da su a unguwar Mayo. Duk sanda na ji haka sai in tuna gyadar nan. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa wa Malam, sai in ce gobe. Da ya rasu na sa takardar a gwangwani, ban ƙara bari kowa ya buɗe ta ba.

Wannan shi ne abin da na zayyana wa Rumaisa a ƙarƙashin rumfa, ruwa yana ɗiga daga bakin kwano. Ba ta ƙara dariya ba. Ta ce, "Habboba, abin da malaminmu ke nema ke nan. A bi sau ɗaya, kowace kalma da ma'ajinta, duk wadda aka ci karo da ita a ƙara mata ɗaya." Ta duƙufa tana taɓe taɓe. Can ta ɗago ta ce, "Ina da izu sittin ɗin a cikin kwamfuta. In gwada da kalmominku?"

Na tashi na buɗe akwati. Sannan na fito da takardar daga gwangwani na miƙa mata.

Ta warware ta a hankali, takardar ta yi ja, gefenta ya cinye. Ta tambaye ni, in kalma ta zo a cikin wata doguwa, a ƙirga ta? Na ce Malam yakan ja ta, ni kuma in jefa. Ta ce to, ta faɗa wa kwamfuta haka. Ta danna. Ban gama gyara zama ba ta ce an gama. Abin da ya ci mana kwana ashirin da rabin ran Malam.

Ta riƙa duban gilashin kwamfutar tana duban takarda. "Rahama, daidai. Sabru, daidai. Shukru, daidai. Nuru, daidai."

Na ce, "Faɗi ta ƙarshen. Da nawa ta gaza?"

Ta ce, "Ba ta gaza ba. Daidai take."

Na ce, "Ke dai abin naki ya lalace. Sake."

Ta sake. Ta ce, "Wallahi, Habboba, daidai." Sai ta kai takardar kusa da ido. "Tsaya. Akwai wani ƙaramin rubutu a gefe, a karkace. Haruffan Larabci ne, amma ba Larabci ba ne."

Na ce, "Hausa ce. Haɗa baƙin, ko Hausar taki ta tsaya a gaisuwa?"

Ta fara haɗawa tana tuntuɓe, kamar mai tafiya a laka. "Na gyada... an ƙara... shida. Malam ya ce... ya ji fashewarsu... shida ne. Ya ce halal ne... ga mai shayarwa. Kada... a faɗa mata."

Ruwa ya ci gaba da ɗiga. Wata raksha ta yi ta gurnani a bakin lungu tana neman fita daga taɓo. Na tuna bayan nan da ya juya mini, da numfashin nan mai kama da barci, da ƙoƙon kunun da yake turowa yana cewa bakinsa ba daɗi. Shekara bakwai muna ɗaki ɗaya, ko da wasa bai taɓa ambata ba.

Rumaisa ta ce, "Habboba, kuka kike?"

Na ce, "Hayaƙin maƙwabta ne. Aika wa malaminku aikinsa kafin abin naki ya mutu."

Ta aika. Na ce ta sa takalmi ta je wurin matar nan mai tallan gyada a bakin titi, ta karɓo mini mai ɓawo, ɗanya in akwai. Ta tsaya tana kallona, ta ce ai gyada tana ɓata mini ciki. Na ce ta je dai.

Da ta kawo, na juye a faifai na ware shida. Na fasa su ɗaya bayan ɗaya, da sauran haƙoran da Allah ya bar mini, ina jera ɓawon a gabana inda zan gan shi.